Gani Ya Kori Ji, Amma Wa Ya Yanka Abin da Ka Gani?

Makon jiya ƙanena ya miƙo mini wayarsa yana dariya har da share hawaye. "Yaya, don Allah dubi yadda aka ƙure mutumin nan."

Guntun bidiyo ne daga wani shirin barkwancin siyasa. An jefa wa wani jami'i tambaya a taron manema labarai, sai ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, ya juya takarda. Nan take hoton ya koma kan mai gabatar da shirin, ya zaro ido, ya buɗe baki, 'yan kallo suka kwashe da dariya. Ni ma na dara.

Da dare na kunna labarai, sai ga tambayar nan, ga shirun nan, ga sunkuyar da kan nan. Dariyar kawai aka cire, aka sa wata murya mai nauyi a gurbinta tana cewa jami'in ya kasa amsa tambaya. Abin ya tsaya mini a rai. Washegari na nemo cikakken taron, wajen minti 40, na zauna na kalle shi daga farko har ƙarshe. Mutumin ya yi shiru, wannan gaskiya ne. Wasu alƙaluma yake nema a takardarsa, da ya same su kuma ya yi bayani na kusan minti 2. Bayanin bai gamsar da ni ba ko kaɗan. Amma dai ya yi shi, kuma daga mai barkwancin har ɗan jaridar babu wanda ya bar ni na ji da kunnena.

Ga inda na tsaya tun kafin mu yi nisa. Almakashin da mai barkwanci ke yanka bidiyo da shi, shi ne dai a hannun mai haɗa labaran talabijin. Yankan a kan kansa ba laifi ba ne, don babu shirin da zai yiwu ba tare da shi ba. Laifin yana wajen ɓoye ɗinkin. Gidan labaran da ya yanke maganar mutum, ya liƙa mata wata, ya lulluɓe wurin yadda ba za a gane ba, ya fi mai barkwanci cin amanar mai kallo, domin shi cewa ya yi "ga abin da ya faru". Shi ma mai barkwancin ban wanke shi ba. Duk ranar da ya ɗauko fuskar mutum ta gaske da muryarsa ta gaske, "ai wasa nake" ta daina isarsa hujja.

Abin da na gani a bayan mai tace bidiyo

Ina da aboki da ke sana'ar tace bidiyo, na taɓa wuni a bayansa yana aiki a kan wata hira. A ƙasan allon kwamfutarsa akwai dogon layi, a kansa muryar mai magana ta zama zane mai tudu da kwari. Inda zanen ya kumbura, magana ce. Inda ya kwanta, numfashi ne ko shiru. Ba sai ya saurara ba ma, da ido yake gane inda jimla ta ƙare.

Matar da aka yi hirar da ita ta ce wani tsari yana da amfani, amma yadda ake gudanar da shi ya cutar da mutane da yawa. Abokina ya ce, "Matso ka gani." Ya sa alama daidai gaban "amma", ya danna maɓalli ɗaya, rabin jimlar ya ɓace. Yanzu matar yabo take yi. Ya maido, ya datse rabin farko, ta koma mai suka zalla. Duk wannan bai ci masa daƙiƙa 10 ba, kuma babu kalma ko ɗaya da ya cusa mata a baki.

Sai dai yanka yana barin tabo. Kan matar yana karkace dama, kwatsam ya koma hagu, kamar ta yi tsalle a zaune. Ko yaro ya gani ya san an taɓa wurin. Na tambaye shi yadda ake yi da wannan. Ya jawo wani ɗan hoto na daƙiƙa 2, hannuwanta ne a kan tebur, ya ɗora a kan tabon. Murya na tafiya babu tangarɗa, ido ya tafi kan hannu, kafin a dawo kan fuskarta an riga an ƙetare wurin. In babu hoton hannu, akwai na mai tambaya yana gyaɗa kai. Shi wannan, in da kyamara ɗaya aka je, sau da yawa bayan an gama hirar ake ɗaukarsa, ana juya kyamarar ta kalli ɗan jaridar shi kaɗai yana gyaɗa kai ga maganar da aka riga aka gama.

Abokina mutum ne mai amana, ya maido wa matar jimlarta yadda ta faɗe ta. Amma tun daga ranar, in na ga hannu ko gyaɗa kai a tsakiyar magana, na san akwai abin da aka binne a ƙarƙashi. Yawanci tari ne, ko in'ina, ko maimaici. Wani lokaci kuma "amma" ce.

Irin wannan "amma" ce ta raba Shirley Sherrod da aikinta a Amurka a 2010. Jami'a ce a ma'aikatar noma, baƙar fata. Wani shafin intanet ya yaɗa guntun jawabinta inda take ba da labarin yadda shekaru da dama baya ta yi jinkirin taimaka wa wani manomi farar fata da dukkan ƙarfinta. A nan aka datse. Ci gaban labarin shi ne yadda ta gane kuskurenta, ta tsaya wa mutumin har bai rasa gonarsa ba, kuma dalilin ba da labarin ke nan tun farko. Kafin cikakken bidiyon ya fito an riga an tilasta mata ajiye aiki. Iyalan manomin da kansu suka fito suka kare ta, gwamnati ta nemi afuwa.

Ilimin nan ba sabo ba ne. Wajen shekarar 1920 wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki fuskar wani ɗan wasa da ba ta nuna komai, ba fara'a ba ɓacin rai. Ya haɗa ta da hoton kwanon miya, ya sake haɗa ta da hoton yarinya a cikin akwatin gawa, ya kuma haɗa ta da na wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa a fuskar, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce, ba ta motsa ba. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta iya ganin hoto biyu a jere ta ƙyale su, sai ta ƙulla musu dangantaka. Shi ya sa mai tace bidiyo ba ya buƙatar yin ƙarya da bakinsa. Jerawa kawai zai yi, kai ka ƙarasa masa a zuciyarka. Abin da mutum ya ƙarasa da kansa kuwa yana da wuyar fita daga ransa, don gani yake shi ya gano.

A nan ne hanyar mutanen biyu ta rabu. Mai barkwanci so yake ka ga tabon, don a tabon dariyar take. Zai nuna maka ɗan siyasa yana rantsuwa bara cewa ba zai taɓa yin abu kaza ba, ya yanke ƙat, ya nuna maka shi bana yana kare abin da ya rantse a kai. In ba ka ga tsallen ba, babu abin dariya. Mai haɗa labarai kuwa an koya masa cewa gwaninta ita ce kada a ga ɗinki. Wannan koyarwar nake ja da ita.

Shiru, da sa na baya a gaba

Duk mai ba da dariya ya san darajar shiru. Ka yi tambaya, ka bar kyamara a kan fuskar mutum daƙiƙa 3 fiye da yadda ya kamata, ya zama wawa ko da shi ne malamin garin. To me zai faru in ɗan jarida ya ari wannan dabarar?

An gani a 2016. Katie Couric, wadda ta shafe shekaru tana karanta labarai a manyan tashoshin Amurka, ta gabatar da wani shiri kan mallakar bindiga. Ta tambayi wasu masu rajin 'yancin riƙe makami daga jihar Virginia yadda za a hana masu laifi sayen bindiga in ba a binciken tarihin mai saye. A shirin, sun yi tsit na wajen daƙiƙa 8, wannan ya kalli ƙasa, wancan ya kau da kai. Ashe su ma sun naɗi sautin hirar, kuma a ciki an ji sun fara amsawa nan take. Daga wani wuri aka ɗebo shirun aka dasa a nan. Daga baya ta amince cewa wurin ya ɓatar da mai kallo. Ni ba na goyon bayan ra'ayin mutanen nan a kan bindiga, amma sun yi magana, aka nuna wa duniya cewa bakinsu ya mutu. Wannan zalunci ne ko a kan wa aka yi shi.

Wata dabarar ko yanke kalma ba ta buƙata, a sauya jeri kawai. A 2007 BBC ta nuna wa 'yan jarida tallar wani shiri kan gidan sarautar Ingila. An ga mai ɗaukar hoto Annie Leibovitz ta ba Sarauniya Elizabeth shawarar cire kambinta, sai kuma aka ga Sarauniya na tafiya a baranda tana mita. Kowa ya ɗauka fushi ta yi ta fice. Ashe lokacin da take shigowa ne aka ɗauki hoton barandar. Hotuna biyu, dukkansu na gaskiya, aka sa na farko a ƙarshe, labarin da bai taɓa faruwa ba ya haihu. BBC ta nemi afuwa, shugaban tashar BBC One, Peter Fincham, ya ajiye aiki.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na 2012, bayan da George Zimmerman ya harbe matashi Trayvon Martin a Florida. Tashar NBC ta sa sautin kiran da ya yi wa 'yan sanda, aka ji kamar ya ce bai yarda da take-taken yaron ba, kuma baƙar fata ne, a numfashi ɗaya. Abin da aka cire a tsakiya shi ne tambayar mai amsa kiran, wanda ya nemi ya faɗi launin fatar mutumin. Amsa ce aka mayar da ita furucin kansa, a kan lamarin da rai ya salwanta kuma ƙasa ke tafasa. NBC ta ba da haƙuri, ta sallami ma'aikata.

Ba a daina ba. Shirin Panorama na BBC da aka watsa a Oktoban 2024 ya ɗauko gaɓa biyu daga jawabin Donald Trump na 6 ga Janairun 2021, waɗanda ke da tazarar fiye da minti 50 a tsakaninsu, ya haɗa su kamar jimla ɗaya. A Nuwamban 2025 babban daraktan BBC, Tim Davie, da shugabar sashen labarai, Deborah Turness, suka yi murabus. Jawabin nan yana da abubuwan da za a soka ba tare da an yi masa ƙari ba. Ɗinkin da aka ɓoye ya sa aka bar zancen abin da ya faɗa, aka koma zancen wanda ya yanka.

Sai maimaici, wanda asalinsa kayan aikin barkwanci ne. A Janairun 2004 mai neman takarar shugabancin Amurka Howard Dean ya yi wani ihu a gaban magoya bayansa a Iowa. Makirufon da ke hannunsa irin wanda ke tace hayaniyar jama'a ne, don haka a talabijin aka ji shi yana ihu shi kaɗai kamar wanda ya zautu, alhali a zauren da ƙyar ake jin muryarsa. Tashoshi suka yi ta juya daƙiƙun nan fiye da sau 600 cikin kwana 4, masu labarai da masu barkwanci kafaɗa da kafaɗa. Kiɗan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin rahoto, da rage gudun hoto a kan fuskar wanda ake zargi, da kusanto da kyamara kan gumin goshinsa, duk jirgi ɗaya ya ɗebo su. Ana gaya maka abin da za ka ji a ranka ne tun ba ka gama jin abin da aka ce ba.

"To ai dole a yanka"

Wannan ce amsar farko da duk ɗan jarida zai ba ni, kuma yana da gaskiya. Labaran minti 30 ba za su ɗauki taron minti 40 ba. Mutane kuma ba sa magana a tsare, sukan yi kwana-kwana, su maimaita, su manta inda suka faro. Mai tacewa na kirki taimakon mai magana yake yi, ya fito masa da abin da yake nufi. Mafi yawan yankan da ake yi a duniya kullum irin wannan ne, na yarda.

Amma a duba yadda abin ya matse. Wani mai bincike, Daniel Hallin, ya auna tsawon lokacin da ake barin ɗan takarar shugaban ƙasa ya yi magana ba yankewa a labaran daren Amurka. A 1968 wajen daƙiƙa 43 ne. Zuwa 1988 ya dawo daƙiƙa 9. A daƙiƙa 43 mutum zai iya faɗin ra'ayinsa da dalilinsa da sharaɗinsa. A daƙiƙa 9 sai dai jimla ɗaya, kuma wadda za a zaɓa ita ce mai zafi, mai kama kunne, wato irin wadda mai barkwanci ma zai zaɓa. Matsin lokacin ne ya tura sana'o'in biyu zuwa almakashi ɗaya.

In wani ya dawo daga taro ka tambaye shi me aka ce, ka san taƙaitawa zai yi, ka san da bakinsa yake faɗa, kana kuma auna shi da abin da ka sani na halinsa. Bidiyo ba haka yake zuwa ba. Yana zuwa ne da bakin mai maganar kansa, kuma mun saba cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Saboda haka nauyin da ke kan mai yanka ya fi na mai ba da labari da baki.

Abin da nake nema ba shi da tsada. A jarida, in aka tsallake wani ɓangaren magana, ana sa ɗigo uku. Talabijin ma tana da nata ɗigon: ɗan farin haske da ke walƙawa a wurin yankan, ko a bar tsallen a fili kowa ya gani. In tazarar ta yi nisa, a rubuta a ƙasan allo. A 2007 ɗin nan, sashen labaran tashar Five ta Birtaniya ya haramta wa kansa hoton gyaɗa kai da ake shiryawa bayan hira, kuma labaransu ba su rushe ba. Dubban masu magana a YouTube suna barin tsallen a fili duk bayan jimla, miliyoyi na kallonsu, babu wanda ya gudu. Idon mai kallon yau ya riga ya saba. Wanda ya nace sai ya ɓoye, ina da damar tambayarsa dalili.

"Ai shi mai barkwanci wasa yake"

A nan zuciyata ta rabu, don ina ƙaunar wannan sana'a. Da wasa ake gaya wa wawa magana, kuma akwai gaskiyar da ba ta isa kunnen masu mulki sai ta wannan ƙofa. Bassem Youssef, likitan zuciya a Masar, da guntayen abin da tashoshin ƙasarsa suka watsa da kansu ya gina shirinsa daga 2011. Jerawa yake yi, mutane su ga yadda bakin jiya ya saɓa da na yau. Abin ya kai har masu gabatar da ƙara suka gayyace shi a 2013 bisa zarge-zargen da suka haɗa da cin mutuncin Shugaba Mursi, shirin kuma ya tsaya a 2014. Da wasan banza ne, da ba a damu da shi haka ba.

Wani lokacin ma mai barkwancin ne ke kama ɗan jarida. A Nuwamban 2009 shirin Sean Hannity na tashar Fox News ya nuna hotunan wani gangami a Washington, jama'a maƙil. Jon Stewart na The Daily Show ya lura da abin da kowa ya tsallake: a wasu hotunan ganyen bishiyoyi ya sauya launi, a wasu kuma kore shar. An cakuɗa ne da hotunan wani gangamin da ya fi girma na watan Satumba. Hannity ya amsa a kan allo cewa kuskure ne, ya ba da haƙuri. Haka a 2018, shafin Deadspin ya jera masu karanta labarai da dama na tashoshin kamfanin Sinclair, kowa a garinsa, suna karanta rubutu ɗaya kalma da kalma, muryoyinsu na hawa kan juna. Babu sharhin da zai bayyana lamarin kamar yadda jerin nan ya yi. Yankan a fili yake, kuma shi ya tona abin da ke ɓoye.

To ina matsalar? Dariya ita ce tambarin da ke gaya wa mai kallo cewa an ƙara gishiri. Amma tambarin nan yana faɗuwa a hanya. Guntun da ƙanena ya nuna mini, gobe wani zai datse fuskar mai gabatarwar da dariyar 'yan kallo, ya tura sauran a WhatsApp a matsayin labari. Ko ba a datse ba ma, ƙwaƙwalwa na riƙe hoton ta manta inda ta samo shi. Har yau akwai masu rantsuwa cewa Sarah Palin, wadda ta yi takarar mataimakiyar shugaban Amurka, ta ce tana hango Rasha daga gidanta. 'Yar wasan barkwanci Tina Fey ce ta faɗa a 2008 tana kwaikwayonta. Abin da Palin ta ce shi ne ana iya hango Rasha daga wani tsibiri na Alaska, kuma haka ne.

Tun a 2004 binciken cibiyar Pew ya nuna kashi 21 cikin 100 na matasan Amurka 'yan ƙasa da shekara 30 daga shirye-shiryen barkwanci suke samun labarin zaɓe a kai a kai. Wanda mutane ke ɗaukar labari daga bakinsa ba zai ce babu ruwansa da gaskiya ba. Ya zuzuta da bakinsa yadda yake so, ya kwaikwayi murya, ya sa hular wasa, duk halal ɗinsa ne, don kowa na ganin shi ne ke yi. Amma in ya ce "ku saurari abin da ya faɗa" ya danna bidiyo, a wannan daƙiƙar shaida yake gabatarwa. Shaida kuwa ba a yi mata kwaskwarima, ko a gaban alƙali ko a gaban masu dariya.

"Kana miƙa wa masu mulki sanda"

Wannan ce hujjar da ta fi yi mini nauyi. Duk ɗan siyasar da aka kama da maganar banza, abin da yake fara cewa shi ne "an yanke mini magana". In muka yi ta cewa yanka abin zargi ne, ba mun ba su mafaka ke nan ba? Kuma abin ya wuce baki. Trump ya kai ƙarar tashar CBS kan yadda shirinta na 60 Minutes ya tace hirar da ya yi da abokiyar takarar Trump ɗin, Kamala Harris, a Oktoban 2024, saboda an sa wani ɓangaren amsarta a wani shiri, wani ɓangaren a wani. Irin taƙaitawar da ake yi kullum ce, kuma masana shari'a da yawa sun ce ƙarar ba ta da ƙwari. Duk da haka kamfanin Paramount, uwar CBS, ya biya dala miliyan 16 a Yulin 2025 aka rufe maganar. Duk editan da ya ga haka zai ji sanyi a jikinsa, kuma edita mai tsoro ba ya amfanar kowa.

Amma ɓoye ɗinkin ne ya ba su sandar tun farko. Da a ce al'ada ce duk hirar da aka tace a sa cikakkiyarta a intanet a ranar, da rubutunta, da "an yanke mini magana" ta mutu cikin awa ɗaya, don kowa zai je ya duba. CBS ta fitar da cikakken rubutun hirar, amma sai bayan watanni, lokacin da zargi ya riga ya yi jijiya. A da ana iya cewa babu wurin sa hirar minti 40. Yanzu wurin kyauta ne.

Ya kamata in ƙara da cewa misalan da na kawo mun san su ne saboda a gidajen an amsa laifi, wasu sun rasa kujerunsu. Akwai tashoshi a ƙasashe da yawa da ke yin abin da ya fi wannan muni kowane dare, su ɗora tafin wani taro a kan jawabin wani, su nuna gefen filin da ya cika su ɓoye gefen da babu kowa, kuma babu mai murabus, babu mai ba da haƙuri.

"Mai kallo ba yaro ba ne"

Ba yaro ba ne, amma a gajiye yake, yana kallo da rabin hankali, ɗaya hannun na wani aiki. A Mayun 2019 wani ya rage gudun bidiyon Nancy Pelosi, kakakin majalisar wakilan Amurka a lokacin, zuwa wajen kashi 75 cikin 100, sai maganarta ta riƙa jan ƙafa kamar ta mai maye. Ba a sa wata fasaha mai zurfi ba, maɓallin da ke kowace waya ne. Miliyoyi suka kalla, Facebook kuma ya ƙi cire shi. Masu hankali da ilimi na cikin waɗanda suka tura wa 'yan uwansu. Ba za a ɗora wa mutum ɗaya mai waya a hannu aikin binciken abin da ƙwararru suka zauna suka ɓoye masa ba.

Duk da haka akwai ɗan abin da ido zai iya koya, kuma na gwada shi a kan bidiyon da ya jawo wannan rubutu. Na kira ƙanena muka sa guntayen biyu gefe da gefe. A na barkwancin, yanka 2 ne, dukkansu a fili, hoton ya yi tsalle kowa ya gani. A na labaran mun ƙirga 5 cikin daƙiƙa 20, kowanne an rufe shi da hoton 'yan jarida na rubutu ko na kyamarori a jere. Sai ƙanena ya sa yatsa a kan allo ya ce, "Yaya, dubi robar ruwan nan." A gaban jami'in take. Lokacin tambayar a cike take, lokacin da ya sunkuyar da kai karo na biyu ta koma rabi, da aka dawo kan fuskarsa ta sake cika. Muka koma cikakken taron muka nemo wurin. Sunkuyon na biyu daga can wajen minti na 30 aka ɗebo shi, lokacin da wani jami'in daban ke magana, shi kuma yana rubuta abin da ake faɗa.